Kamanni ko asali: me ake nema a zanen fuskar mutum?

Ɗalibar zane: Assalamu alaikum. Na shafe makonni uku ina zana kakata da fentin mai, kuma duk wanda ya gani a gida ya ce ita ce sak, amma malaminmu ya daɗe yana kallo sannan ya ce na kama kamanninta ban kama ko wace ce ita ba. Maganar ta tsaya mini a rai, musamman da ya buga mini misali da zanen Michelle Obama da Amy Sherald ta yi, wanda ni a ganina bai ma yi kama da ita sosai ba, ga kuma fatarta an yi ta toka-toka. Ina roƙon masu sani su fahimtar da ni abin da ake nufi da asali a irin wannan aiki, tunda waya ma tana iya fitar da fuska daidai.

Tsohon malamin zane: Wa alaikumus salam, 'yata. Tokar da kike gani da gangan aka yi ta, domin Sherald ta saba zana baƙaƙen fata na Amurka da launin tsofaffin hotuna marasa kala, don kada mai kallo ya tsaya a kan launin fata ya yanke hukunci tun kafin ya dubi zaman mutumin da kallonsa da suturarsa. A ƙasar da aka daɗe ana auna darajar ɗan Adam da fatarsa, cire wannan launi magana ce babba.

Ki haɗa shi da na mijin Michelle, wanda aka buɗe rana ɗaya da nata a birnin Washington a watan Fabrairun 2018. Kehinde Wiley, wanda aka haifa a Los Angeles a 1977, mahaifinsa ɗan Najeriya, ya zaunar da Barack Obama a kan kujera cikin ganyaye, ya cusa furanni iri uku a tsakaninsu: yasmin saboda Hawaii inda aka haife shi, shuɗin fure na Afirka saboda Kenya ƙasar mahaifinsa, da furen da birnin Chicago ya ɗauka alamarsa, can inda ya fara siyasa. Fuskar kowa ya san ta. Tarihin da ya yi ta ne aka sa a bayanta.

Mai sha'awa daga Kumasi: Malam, Allah ya ƙara basira, amma ni ina da ja a kan Wiley. Aikinsa na 2005, inda ya ɗora wani baƙar fata cikin kayan yau da kullum a kan doki yadda mai zanen Faransa Jacques-Louis David ya zana Napoleon, yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai har yanzu aron rigar sarakunan Turai ne, kamar ba za a ga girmanmu ba sai mun hau dokin wani. Na fi ganin amsar ƙanwarmu a wajen Njideka Akunyili Crosby, wadda aka haifa a Enugu a 1983 kuma take zaune a Amurka, 'yar marigayiya Dora Akunyili ta hukumar NAFDAC. Ita tana zana mutane zaune a falo ko a ɗaki, ba wani shiri na musamman, amma idan mutum ya matso kusa sai ya ga bango da ƙasa, wani lokaci har fatar jiki, cike suke da ƙananan hotuna da ta ɗebo daga mujallun Najeriya da kundin hotunan gidansu, ta manna tawadarsu a jikin takardar. Mutumin yana zaune a wata ƙasa, gida kuma yana like a jikinsa, abin da duk wanda ya tashi a zango nesa da garin kakanninsa zai gane ba tare da an yi masa bayani ba.

Tsohon malamin zane: Jan naka yana da tushe, kuma na karɓa. Zan ƙara da Lynette Yiadom-Boakye, haifaffiyar Landan wadda iyayenta mutanen Ghana ne, domin mutanen da take zanawa babu su a duniya, daga tunaninta take fito da su, amma mai kallo yana jin kamar ya taɓa gaisawa da su. A nan maganar kamanni ta faɗi gaba ɗaya, tunda babu wanda za a kwatanta da shi.

Ɗalibar zane: Na gode, Malam, na gode, Yaya. Yanzu na ga abin da na yi: na sa Kaka ta ɗaura sabuwar atamfa ta zauna a miƙe kamar mai ɗaukar hoton fasfo, na kuma disashe tsagar da ke kumatunta don ina ganin za ta ɓata kyan zanen, alhali da wannan tsaga ce tsofaffi suke gane garinsu tun kafin ta buɗe baki. Gobe zan koma in same ta bayan la'asar a kan tabarmarta, da carbinta da faifan da take tsince shinkafa, in fara sabo daga hannuwanta.