Asperity: kaushi ne, amma wane irin kaushi?

'Yan uwa masu aikin fassara, ga wata kalmar Turanci da ta tsaya mini a rai kwana biyu: asperity. Turawan ma ba kasafai suke faɗarta a hira ba, sai a rubutu. Asalinta Latin ne, daga asper, wato abu mai kaushi, ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci. To ai sai a ce magana ta ƙare, kaushi ke nan. Ni ma haka na ɗauka da farko.

Inda aka fi cin karo da ita shi ne wajen bayyana yadda mutum ya yi magana. A nan kam Hausa ba ta da gibi, domin mu ma muna cewa kaushin harshe, kaushin hali. Sai dai ina roƙo kada mu yi saurin ɗauko "kakkausar murya". Wannan ta zama ta gidajen rediyo, ta gwamnati mai yin tir da hari. Asperity ba ta kai nan ba. Irin amsar nan ce da uwa ke bai wa yaron da ya maimaita tambaya sau uku: ba tsawa, ba zagi, amma ka ji haƙurin ya fara ƙarewa. Ba gatse ba ne kuma, don gatse yana da lanƙwasa, ita kuwa kai tsaye take zuwa. Ni dai "ta amsa da ɗan kaushi" nake rubutawa, kuma yana zama daram.

Idan an jingina ta ga sanyi ko wahalar rayuwa, tsanani ne kawai. Ba ma cewa kaushin hunturu sai in fatar ƙafa muke nufi.

Wurin da na maƙale shi ne kimiyya. Masu nazarin gogayyar abubuwa suna ƙirga ta, ɗaya da jam'i. Ƙarfen da ka shafa ka ji sumul, in aka sa shi a madubin ƙara girma za a ga tudu da kwari birjik, kuma kowane ɗan tsini sunansa asperity. Frank Bowden da David Tabor na jami'ar Kambirij sun nuna, wajen 1950, cewa idan ƙarfe biyu suka haɗu, kawunan waɗannan tsinayen kaɗai ke taɓa juna, ɗan mitsitsin kaso na faɗin da ido ke gani. Daga nan gogayya take tasowa, nan ne zafi da cinyewa suke farawa, kuma aikin man inji shi ne ya shiga tsakani ya raba su. To yaya za a ce? Kaushi ba ya ƙirguwa a bakinmu. Babu mai cewa kaushi uku.

Na gwada "ƙuraje", sai na ga ƙurji ciwo ne, ba ya riƙe komai. Na gwada "gargada", amma ta hanyar mota ce, ta yi girma. Abin da ya kwanta mini shi ne haƙorin kaushi, jam'i haƙoran kaushi. Ku tuna dutsen niƙa: in ya yi santsi ba ya cin hatsi, sai an kuɗa shi ya sake yin haƙora. Magagari ma da haƙoransa yake cin ƙarfe. Haƙori yana cizo, yana dakushewa, yana karyewa, kuma duk ukun suna faruwa da waɗannan tsinayen.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne masana girgizar ƙasa ma da wannan kalma suke kiran wurin da ɓangarori biyu na dutsen ƙarƙashin ƙasa suka cije suka ƙi zamewa, ƙarfi yana ta taruwa shekaru aru-aru, har ranar da wurin zai ɓalle, kamar yadda ya faru a gabar Japan a 2011. Ka ga "haƙorin ya cije, sannan ya saki" ya bayyana abin ba tare da dogon sharhi ba.

Malamanmu na kimiyya, musamman masu koyarwa da Hausa a aji, don Allah ku gwada haƙoran kaushi a kan ɗalibai ku faɗa mini ko sun kama shi a karon farko.