Me ya sa ake binciken tunanin mai ba da ƙoda?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta amince ta ba mahaifinmu ƙodarta, gwajin jini kuma ya dace, amma likitoci sun ce sai ta gana da likitan ƙwaƙwalwa tukuna. Mene ne amfanin hakan?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana ganawa da ita ne ita kaɗai, domin a tabbatar babu matsin lamba daga dangi, babu kuma alkawarin kuɗi, irin cinikin da Sanarwar Istanbul ta 2008, wato matsayar ƙwararrun duniya kan fataucin sassan jikin ɗan'adam, ta yi tir da shi. Za a tambaye ta ko tana fama da ciwon damuwa ko shaye-shaye, da yadda za ta jure idan jikin mahaifinku ya ƙi karɓar ƙodar.

Amsa ta biyu: A ganina, abin da iyalai suka fi mantawa shi ne jinyarta. Wa zai kula da ita da 'ya'yanta a makonni huɗu zuwa shida da ba za ta ɗaga kaya mai nauyi ba?

Amsa ta uku: Ku sanar da ita cewa tana da 'yancin janyewa har ranar tiyata, kuma likitoci za su sirranta dalilinta. Allah ya ba Baba lafiya.