Wane shokozoba ne mai sauƙin kuɗi ga Hilux da aka ɗaga?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, na ɗaga Hilux ɗina inci 2 saboda hanyar ƙauyenmu da damina, yanzu in na faɗa rami sai in ji ƙwal a baya, ga kuɗin shokozoban kamfanin Bilstein ya fi ƙarfina wallahi, me zan saya?

Wani makanike: Maigida shokanka na asali ne ya yi gajere, yana buɗewa har ƙarshe shi ne ƙarar. Kar ka sayi komai sai an auna tsawonsa a buɗe da a matse.

Direban kaya: Ni KYB na gas na sa, yana ɗaukar buhuna lafiya. Amma canza na bayan duka biyun tare.

Makanike: In Beljiyam za ka ɗauka a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, duba ko mai na tsatsafowa a jikinsa tukun.