Google Ads ya ƙirga mini ciniki 58, a littafina oda 9 ce

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da gyararriyar shinkafa, buhu mai kilo 25 da mai kilo 50, ta shafina na WooCommerce (manhajar buɗe kanti a intanet), ina kuma biyan kuɗin talla a Google Ads. An ɗora mini Google Tag Manager (manhajar sarrafa tag, wato 'yan umarnin kwamfuta da ke kai wa Google rahoton abin da aka yi a shafi) don in gane tallar da ke kawo ciniki. Mako guda ke nan, Google ya nuna ciniki 58, ni kuwa oda 9 ce a littafina, gurbin kuɗin cinikin a Google Ads ma wayam. Ga shi yawancin masu saye ta maɓallin WhatsApp suke biyowa. Don Allah ta ina zan fara gyara?

Amsa daga Gusau:
Wa alaikumus salam Hajiya. Fara duba makunnin tag ɗin, wato sharaɗin da ke sa shi ya tashi, wurin da suka rubuta Trigger a Tag Manager. Da alama an bar shi a All Pages, shi ya sa duk wanda talla ta kawo, ko farashi kawai ya leƙa, sai a rubuta ciniki ya faɗa. Tag biyu ake buƙata, kowanne da wurinsa. Conversion Linker shi ne na dukkan shafuka: idan an danna talla, Google na liƙa wa adireshin wata lamba mai suna gclid, shi kuma ya kama ta ya ajiye a burauzar mai saye. Tag ɗin ƙirga ciniki kuwa, wanda ake zuba wa Conversion ID da Label (lambobin shaida da Google Ads ke bayarwa), a shafin godiya, wato wanda ke fitowa bayan an kammala oda, kaɗai zai tashi. A WooCommerce adireshin wannan shafin yana ɗauke da order-received, sai ki sa sharaɗin Page URL ya ƙunshi wannan kalmar.

Amsa daga Jega:
Gaskiyar Malam ce, amma da sauran rina a kaba. Mai saye kan sake buɗe shafin godiya don ya ɗauki hotonsa, ko sabis ya tsinke ya sabunta shi sau uku, kowane buɗewa kuma tag zai tashi. Maganin shi ne gurbin Transaction ID: a zuba masa lambar oda, Google ba ya ƙirga lamba ɗaya sau biyu. Lambar odar da kuɗin daga dataLayer ake ɗauko su, wato ma'ajiyar da shafi ke zuba bayanai don Tag Manager ya karanta, fulogin ɗin GTM4WP (ƙaramar manhaja da ake ƙara wa shafi) yana tura su idan an kunna sashensa na WooCommerce. Kuɗin ya shiga a lamba zalla, misali 40000, ba waƙafi ba alamar naira, gurbin nau'in kuɗi kuma a rubuta NGN. Ki kuma tabbatar babu wani fulogin da ke aika wannan cinikin ta bayan fage, don hanya biyu na iya ninka lissafi.

Amsa daga Argungu:
Ranki ya daɗe, na WhatsApp a ware shi daban. A Tag Manager, a kunna Click URL (adireshin da aka danna) a cikin Variables, a yi makunni irin Just Links da sharaɗin adireshi ya ƙunshi wa.me, ko api.whatsapp.com idan shi maɓallin ke amfani da shi. A buɗe masa nasa lissafin a Google Ads, ƙirgarsa a sa One (sau ɗaya ga kowace dannawar talla), na sayayya kuma Every (kowane ciniki a ƙirga). Ina ba ki shawara ki bar shi a Secondary tukuna, wato Google ya riƙa ƙirga shi ba tare da ya bi shi wajen kashe kuɗin talla ba. Danna maɓalli tambayar farashi ce, ba kuɗi a hannu ba, idan kika haɗa su Google zai riƙa kashe kuɗinki wajen nemo masu tambaya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Mun gyara, a Preview (yanayin gwaji na Tag Manager) tag ya tashi sau ɗaya a shafin godiya, amma Google Ads bai nuna sabon ciniki ba.

Amsa daga Gusau:
Kin danna Submit sannan Publish? Preview a kwamfutarki kaɗai yake aiki, masu saye tsohon tsarin suke gani sai an wallafa. Sannan odar gwaji da ba ta biyo ta talla ba, ba za ta fito a rahoton talla ba, kada kuma ki danna tallarki da kanki. Ki ba shi kwana ɗaya. Idan kin zo gwada shi da littafinki, ki tuna Google na rubuta ciniki a ranar da aka danna talla ne, wanda ya danna Litinin ya biya Alhamis a Litinin za ki same shi.