Zazzaɓi ya tafi, amma numfashin ɗana bai dawo daidai ba

Wata uwa daga Mabera, Sakkwato:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana ɗan shekara 8 ya yi zazzaɓi da busasshen tari farkon hunturu. Na sayo masa amoxicillin a kemis, kwana biyar babu sauƙi. A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce nimoniya ce, wato ciwon huhu, ta wata ƙwayar cuta mai suna maikoplasma, ya sauya masa azithromycin, zazzaɓi ya tafi. Yau mako shida ke nan, tarin dare bai bar shi ba, kuma yaron da ke wuni yana ƙwallo yanzu gudu kaɗan sai haki, ƙirjinsa na fito kamar usur. Kakarsa ta ce sanyi ne, babansa ya ce asma. Huhun ne ya lalace? Don Allah ku ba ni shawara.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla:
Wa alaikumus salam Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Ba laifin maganin farko ba ne: amoxicillin bangon jikin ƙwayar cuta yake rushewa, ita kuwa maikoplasma ba ta da bangon, shi ya sa bai taɓa ta ba. Ta fi kama yara 'yan makaranta, kuma tarinta yakan ja makonni. Ko ƙwayar ta mutu, ƙananan hanyoyin iska kan zauna a kumbure, su riƙa tsukewa da zarar ƙura ko sanyi ya taɓa su. Yawancin yara suna warwarewa sarai. Wasu kuwa ciwon ne ke tono asmar da ke kwance, 'yan kaɗan kuma yakan bar musu tabo a hanyoyin iskar. Daga gida ba za ki bambance ba. Ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ki tambayi likita batun gwajin hura iska, wanda ke auna ƙarfin huhu. Ɗan shekara 8 zai iya yin sa.

Wani uba daga Runjin Sambo:
Hajiya, tarin da ya wuce mako biyu a yi masa gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kada ki tsallake wannan.

Wata uwa, Gawon Nama:
Tawa ma haka ta yi bara. Da aka rubuta mata maganin shaƙa irin na masu asma na ƙi, don ana cewa wanda ya fara ba ya bari. Ashe zance ne kawai. Wata biyu ta yi ta ajiye. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne rabuwa da turaren wuta, kun dai san mu! Na daina kunna maganin sauro mai hayaƙi, na koma gidan sauro, in hazo ya yi yawa kuma sai da takunkumi take zuwa makaranta.

Wata dattijuwa:
'Yata, zuma a ruwan ɗumi kafin barci na lafar da tari.

Ma'aikaciyar jinya:
Zuma ba laifi, Inna, amma ba ta buɗe ƙirji. Maman yaro, in kin ga haƙarƙarinsa na lotsawa wajen numfashi, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko ya kasa ƙarasa magana, kada ki jira gari ya waye.

Uwar yaron:
Na gode ƙwarai. Litinin za mu je in sha Allah. Saura in lallashi kakarsa, ita ce mai kaskon turaren.