Ƙarar gidan biki da kalmar "gurɓata": muhawarar zauren unguwa

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙarfe biyu da kwata na dare nake wannan rubutu, domin barci ya gagare ni kamar yadda yake gagarata duk ƙarshen mako tun da aka buɗe gidan bikin da ke bayan katangarmu. Mahaifiyata tana fama da hawan jini, ɗakinta ne kuma ya fi kusa da katangar, har tagarta rawa take idan masu DJ suka saki kiɗa. Ga janareta da ba a kashewa sai asuba ta gabato, ga wata ƙatuwar fitila da suka ɗora a kan dogon ƙarfe, wadda haskenta yake ratsa labule ya mai da ɗakin tamkar tsakar rana. Sau uku ina zuwa wurin mai gidan, yana ce mini kuɗi mutane suka biya kuma ba zai hana su farin cikinsu ba. A ganina lokaci ya yi da Kano za ta samu dokar da ake aiki da ita, wadda za ta ƙayyade ƙarfin sauti da lokacinsa, ta kuma tilasta a sunkuyar da fitilu ƙasa. Gidan biki ne, injin niƙa ne, masu tallan magani a mota ne, ko lasifikar da ake kwana ana wa'azi da ita, duk suna gurɓata muhalli, kuma duk ya kamata a sa musu iyaka.

Malam Na'ibi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ce. Amma Baban Amira, wannan kalma ta "gurɓata" ba za ta wuce ba a tanka ba. Ruwa ake gurɓatawa idan ƙazanta ta faɗa cikinsa, to ta yaya za a jera wa'azi da kiɗan DJ da injin niƙa, sannan a raɗa musu suna ɗaya? Ina roƙonka ka janye ta kafin a ci gaba.

Baban Amira: Allah ya gafarta Malam, ban ce abin da ake faɗa a wa'azi ƙazanta ne ba, Allah ya tsare ni. Ƙarfin lasifikar nake nufi da lokacin da ake kunna ta.

Malam Na'ibi: Niyyarka tana zuciyarka, mu rubutunka muka gani.

Maman Haidar: Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne batun haske. Yau kwananmu huɗu ba a kawo wuta ba, 'ya'yana da fitilar waya suke aikin makaranta, sai a ce mana haske yana gurɓata muhalli? Kafin a sa fitilun sola a bakin titinmu babu macen da take iya zuwa kemis bayan isha'i saboda masu ƙwacen waya. Wannan maganar waɗanda suka ƙoshi da lantarki ce.

Injiniya: Hajiya, babu wanda ya ce a kashe fitilar titi. Ana magana ne a kan hasken da yake zuwa inda ba a buƙatarsa, wato sama ko tagar maƙwabci. Idan aka yi wa fitila rufi aka sunkuyar da kanta, hanyar ce za ta amfana da hasken, kuma ɓarawo ba zai samu baƙin duhun da fitila mai kashe ido take bari a gefenta ba. Garin Flagstaff na jihar Arizona a Amurka ya fara irin wannan doka tun 1958 saboda masu nazarin taurari, Faransa kuwa daga 2013 ta wajabta wa shaguna kashe fitilun da suke haska kayan talla daga ƙarfe ɗaya na dare. Ina yaro a kan soro muke kwana da bazara, kakarmu tana nuna mana Kaza da 'ya'yanta, yau idan fitilar gidan bikin nan tana kunne ba za ki iya ƙirga 'ya'yan ba. Ita kuwa ƙara auna ta ake yi da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu tana kai wajen 60, Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar wa Turai a 2009 ta ce kada ƙarar waje ta wuce 40 da dare, wanda kuma yake yini kullum cikin ƙarar da ta haura 85 jinsa yana lalacewa a hankali. Ko mai barci bai farka ba, ƙara tana tayar masa da bugun zuciya, shi ya sa likitoci suke danganta ta da hawan jini.

Malamin Hausa: Injiniya ya yi bayani, sai dai ya tsallake tambayar Malam. Asalin gurɓata a Hausa shi ne a dama ruwan da ya kwanta har laka ta taso. Daga baya ne aka ja kalmar aka ɗora ta a kan iska da muhalli, yanzu kuma ana son a ɗora ta a kan haske, wanda a tunanin Bahaushe alheri ne. Da Baban Amira ya ce takurawa ko cutarwa, da babu wanda zai ɗaga masa murya.

Injiniya: Malam, ai kai da bakinka ka ce tarbiyyar yara ta gurɓace a taron iyaye da aka yi, kuma tarbiyya ba ruwa ba ce.

Malamin Hausa: Wannan aron ma'ana ne da harshe ya riga ya karɓa, kuma ba ni da niyyar koyon Hausa a wurin wanda yake rubuta "desibel".

Maman Haidar: Tun da Injiniya ya san awon ƙara, ya auna mana ta janaretansa da ya hana mu barci shekara biyu.

Injiniya: Hajiya, tun bara na sayar da shi na koma sola, wanda kike ji na mai wankin mota ne.

Lauya: Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. Dokar da Baban Amira yake nema akwai ta. An kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato NESREA, a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin tarayya a kan ƙara, waɗanda suka ƙayyade abin da aka yarda da shi da rana da kuma da dare. Legas tana da hukumarta, LASEPA, wadda ta sa iyakar desibel 55 da rana da 45 da dare a unguwannin zama, kuma a 2016 ta rufe coci 70 da masallaci 20 da otal-otal wajen 10 saboda ƙara. Ko ba wannan ma, mutum yana da damar kai ƙarar maƙwabcin da yake takura masa gaban kotu. Matsalarmu ita ce wa zai fito da na'urar awo ƙarfe biyu na dare, da kuma wa zai yarda ya tsaya shaida a kan maƙwabcinsa.

Alhaji mai shago: To ga shi Lauya ya faɗa da bakinsa, masallaci ashirin aka rufe. Can ake son kai mu. Kano ba Legas ba ce, kuma ba za ta zama Legas ba in Allah ya yarda.

Lauya: Alhaji, ranka ya daɗe, na ambaci coci saba'in ma. Kuma idan Legas ce ba ta yi maka ba, Saudiyya a 2021 ta ba da umarnin a taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, a kuma rage ƙarfinta zuwa kashi ɗaya cikin uku. Aya ta 19 a Suratu Luƙman ma umarni ce da a sassauta murya.

Ɗalibi: Maganar Lauya gaskiya ce, kuma kowa ya san su wa suke toshe titi su kwana da lasifika a watan Maulidi.

Alhaji mai shago: Yaro, ka iya bakinka. Kowa ya san su wa suke sakin tafsiri da tahajjudi a lasifika duk watan azumi, ba mu taɓa cewa komai ba.

Ɗalibi: Baba, ban ambaci sunan kowa ba.

Alhaji mai shago: Ba sai ka ambata ba, mun san makarantar da kake zuwa.

Ɗan Zango: Ina gaishe da manya, daga Accra nake bibiyarku. A nan kowace shekara sarakunan ƙabilar Ga suna hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo, kuma an sha samun rikici da coci-coci a kan haka. A 2018 ministan muhalli na Ghana ya ba da shawarar a riƙa sanar da lokacin salla ta saƙon waya ko WhatsApp, mutanen zango suka ƙi amincewa. Saboda haka tsoron Alhaji yana da tushe. Amma ni ban ga inda kiran salla na minti uku ya yi kama da kiɗan da ake kwana ana yi ba, kuma dokar da aka rubuta da hankali za ta iya raba su.

Malam Na'ibi: Har yanzu dai ba a janye kalmar ba.

Shugaban zaure: Jama'a, a dakata haka, ga abin da na fahimta daga muhawarar. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yarda cewa kalmar "gurɓata" ba ta dace ba, Malamin Hausa kuma ya tabbatar da hakan da hujjar ilimi, don haka muna jiran Baban Amira ya janye ta. An kuma nuna cewa misalan Amurka da Faransa ba su shafe mu ba tun da mu wutar ce ma ba mu da ita, kuma ɗan'uwanmu na Accra ya nuna mana inda irin waɗannan dokoki suke ƙarewa. Lauya da kansa ya ce ba a buƙatar sabuwar doka. Gidajen biki sana'a ce da matasanmu da yawa suke ci a cikinta, har da 'ya'yan wasunmu a nan, bai kamata a taɓa abincinsu ba. Ɗalibi zai ba Alhaji haƙuri.

Baban Amira: Ranka ya daɗe, na janye kalmar, Malam ya yafe mini. Amma taƙaitawarka ba ta ambaci mahaifiyata ba, ba ta ambaci Saudiyya ba, kuma Lauya bai ce a bar maganar ba, cewa ya yi dokar tana nan ba a aiki da ita. Ban nemi a rufe sana'ar kowa ba. Abin da nake roƙo shi ne a kashe kiɗa ƙarfe goma sha ɗaya, a matsar da janareta daga jikin katanga, a juya fitilar ta kalli filinsu. Ranar Asabar bayan la'asar zan je wurin mai unguwa da wannan buƙata a rubuce. Injiniya ya ce zai auna ƙarar daren Juma'a daga ɗakin Hajiya, ina kuma neman mutum biyu daga layinmu da za su raka ni su sa hannu.