Girki ya fita a raina, ko sati ɗaya a Faransa zai dawo min da shi?

Maman Ilham:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ni da in na shiga kicin sai an kira ni nake fitowa, amma yau kusan shekara uku kenan wlh ko wuƙa na ɗauka sai in ji raina ya ɓaci, girkin kawai nake yi don kar yara su kwana da yunwa, ba ɗanɗanawa ba komai, ya nuna a sauke. To ƙanwata da ke aure a Lyon ta ce in na je ganinta bana za ta biya min sati ɗaya a irin gidajen nan na ƙauyukan kudancin Faransa da ake kwana can ana koyon girki wajen kuku. Ni dai sai wasiwasi nake, wanda ya gaji da girki kuma a ce maganinsa ƙarin girki? Akwai wadda ta taɓa zuwa?

Hajiya Turai:
Wslm Maman Ilham, ni na je, a yankin Provence, daga Lyon jirgin ƙasa na TGV kamar awa ɗaya ne zuwa Avignon sai a ɗauke ki a mota. Mu bakwai ne. Abin da ya fara ba ni mamaki ranar farko ko murhu ba mu kunna da safe ba, kasuwar Asabar ta garin Apt aka kai mu, kukun ya miƙa wa kowa kwando babu wani lis, wai abin da ya yi kyau yau shi za a ci. Ina kallonsa ya ɗauki kankanar nan tasu ta Cavaillon ya auna nauyinta a tafin hannu ya sansana gindinta ya ajiye ya ɗauki wata, sai da ya yi haka sau biyar, ni kuwa na ma manta rabon da in tsaya sansana wani abu kafin in saya.

Da muka dawo ratatouille muka yi, abin da a gida da sai in zuba komai a tukunya ɗaya in rufe in tafi harkata, shi kuwa gauta daban, tattasai daban, albasa daban, kowanne a soya shi da man zaitun shi kaɗai sannan a haɗa da tumatir a bar shi kan wuta kaɗan kaɗan, kuma kafin a kunna wuta sai an yanka komai an jera a ƙananan kwanoni, su mise en place suke ce masa. Wainar ƙwai ma sai da na ɓata huɗu, ƙwai uku da bota, ba a so ta yi ja ko kaɗan, cikinta da ɗan laushi, minti ɗaya ya yi mata yawa. Dariya muka yi ta yi, ba mai jiran abinci ba mai ƙorafi. Wannan ne ya dawo min da shi gsky, ba wai sabon girkin ba.

Baban Sadiq:
Hajiya ta faɗi daɗin, bari in faɗi inda za a kula. Ki sa ƙanwarki ta rubuta musu tun kafin a biya cewa ba kya cin naman alade ba kya amfani da giya, don girkinsu da yawa da ita ake yi, coq au vin da boeuf bourguignon duk jan giya ne da 'yan gutsattsarin naman alade, kuma kar a ce miki wai in ya dahu giyar ta tashi duka, ba ta tashi duka. Kudu ya fi sauƙi saboda kifi da ganye da man zaitun sun fi yawa, Lyon ɗin kanta kam sun shahara da alade. Sai ki tambayi yaren da ake koyarwa da shi. Bizar Schengen, wato ta shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai, Yuro 90 ce yanzu, kuma in da hali ki kauce wa Agusta, zafi ga cunkoson masu hutu, Yuni ko Satumba sun fi.

Anti Bilki:
Ni fa 'yar uwa ba na son in kashe miki gwiwa, amma anya girkin ne matsalar? Sau uku a rana, shekara da shekaru, ke ce cefane ke ce wanke-wanke, ko sannu babu, ai ko wa ye sai ya gundura. Can wani ne zai wanke tukunya, a zauna awa biyu ana cin abincin rana. Ki je ki huta, halal ne, amma in kin dawo kin tarar da komai yadda kika bar shi wata ɗaya ya isa ki koma gidan jiya.

Maman Ilham:
Anti kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi wlh, zan zauna da Baban Ilham kan maganar nan kafin ma in tafi. Baban Sadiq na gode, na tura mata yanzu. Hajiya, ke da kika dawo har yanzu kina jera kwanonin nan kuwa?

Hajiya Turai:
Ranar Asabar kawai, sauran ranaku kam tukunya ɗaya ce a rufe. Wainar ƙwan ce dai har yau ban yarda ta yi ja ba.